Fina-finai huɗu sun fito ranar Juma'a, wanne zan kalla?

Tambaya: Duk ƙarshen mako sai sababbin fina-finai uku ko huɗu sun fito, kowanne tallarsa ta fi ta wani daɗi. Ni kuma lokacina na fim ɗaya ne tak. Sau da yawa nakan zaɓa saboda tirela ko makin da na gani a intanet, in fito daga sinima ina da-na-sani. Yaya zan gane wanda ya cancanci in je dominsa?

Amsa: Ɗan'uwa, na daɗe a wannan harka. Shekaru na yi ina zama a kallon da ake shirya wa masu sharhi kafin fim ya fita, in rubuta ra'ayina, sannan in koma ranar Asabar in zauna cikin 'yan kallo don in ga ko abin da na gani shi suka gani. Abin da zan fara gaya maka shi ne tambayarka biyu ce a ƙunshe cikin ɗaya. Ta farko, fim ɗin nan zai yi mini daɗi, ni ɗin nan? Ta biyu, ko da zai yi daɗi, dole sai a babban allo, kuma dole sai wannan makon? Masu talla suna zuba kuɗi masu yawa don kada ka raba waɗannan tambayoyi. In ka raba su, rabin da-na-saninka ya tafi.

Gaggawar da kake ji ranar Juma'a aronta aka ba ka, kuma tana da tarihi. Da can a Amurka, babban fim yakan fara ne a 'yan gidajen sinima na manyan birane, labarinsa ya bazu baki da baki, sannan a riƙa bi da shi gari-gari har tsawon watanni. A watan Yunin 1975 aka saki Jaws a gidajen sinima sama da 400 rana guda, aka haɗa masa tallar talabijin mai yawa, ya kuwa yi cinikin da ba a taɓa gani ba kafinsa. Daga nan salon ya juya. Yau babban fim a Amurka yakan buɗe a gidaje 3,000 zuwa 4,000 da ɗoriya lokaci ɗaya, kuma kwana ukun farko su ke yanke masa hukunci. Da an wayi gari Litinin, masu gidajen sinima za su duba lissafin tikiti su raba ɗakuna da lokutan nuni na mako mai zuwa: wanda ya yi ciniki a bar masa babban ɗaki, wanda bai yi ba a mayar da shi ƙarami, ko a sauke shi. Kuɗin tikiti kuwa raba shi ake yi tsakanin gidan sinima da kamfanin da ya kawo fim, kusan rabi da rabi, kuma a al'adar kasuwar kason kamfani ya fi tsoka a makonnin farko. Ranar fita ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, Faransa Laraba, Jamus Alhamis, Amurka da Ingila da Indiya Juma'a, amma lissafin ɗaya ne ko'ina. Duk tallar da kake gani an gina ta ne don ta shigar da kai ɗaki kafin ka ji daga bakin wanda ya riga ka shiga.

Tirela, wato gajeriyar tallar da ake haɗawa da guntayen fim, ita ce ta fi yaudarar mutane, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Sunan ya samo asali ne daga farkon zamanin sinima, lokacin da ake haska ta bayan an gama fim, tana biye kamar jela; da aka ga mutane na tashi su fice, sai aka dawo da ita gaba, sunan ya zauna. Yawanci ba daraktan fim ne ke haɗa ta ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, ana ba su hotunan tun kafin a gama tace fim ɗin, shi ya sa wani lokaci za ka ga fitowa a tirela ka neme ta a fim ka rasa. Kiɗan da ke tayar maka da tsikar jiki ma sau da yawa na aro ne, ba za ka ji shi a cikin fim ɗin ba. Tsawonta bai cika wuce minti biyu da rabi ba. To ka yi lissafi: fim na awa biyu minti 120 ne. Da wuya fim ya lalace har gwanin tacewa ya rasa minti biyu masu kyau a cikinsa. Tirela mai daɗi shaida ce cewa an sami gwanin tirela, ba ta wuce haka ba.

Duk da haka ina kallon ta, sai dai abin da nake nema daban ne. Nakan duba ko akwai wurin da mutum biyu suka yi magana da juna aka bar maganar ta numfasa, daƙiƙa goma ko goma sha biyar ba a yanke ba. Idan tirela duk walƙiya ce, fashewa, gudu, fuska, duhu, ƙara, babu inda aka amince wa 'yan wasa su riƙe ka da magana kawai, to ina zargin babu irin wannan wurin a fim ɗin. Nakan kuma tambayi kaina bayan ta ƙare: wane ne wannan mutumin, me yake so, me ya hana shi samu? In ba zan iya amsawa ba, ko dai masu talla suna ɓoye labari da gangan, ko kuma labarin ne babu. Akasin haka ma alama ce. Tirelar da ta kwashe labari tun daga farko har kusan ƙarshe ta zube maka, sau da yawa kamfanin ne bai yarda fim ɗin zai jawo mutane da kansa ba. A fim ɗin barkwanci kuwa, ka lura ko tirela ta farko da ta biyu da tallar talabijin duk raha uku ɗin nan suke maimaitawa. In haka ne, mai yiwuwa su ke nan.

Abin da ya fi tirela amfani shi ne guntun fitowa cikakkiya, wadda kamfanoni kan saki kwanaki kaɗan kafin Juma'a, minti ɗaya ko biyu daga cikin fim ɗin kansa ba tare da yanke-yanke ba. A nan za ka ji yadda aka rubuta magana, ka ga ko kyamara ta san inda ta dosa, ka ga ko 'yan wasan suna sauraron juna ko kowa jira yake a zo kan layinsa. Minti ɗaya na wannan ya fi mini tirela uku.

Kalmomin yabo da ake liƙawa a fosta kada ka ba su nauyi. Ana iya ciro kalma ɗaya mai daɗi daga sharhin da duk suka ne. A shekarar 2001 mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa sashen tallar kamfanin Sony ya ƙirƙiro mai sharhi na bogi da sunan David Manning, ana buga yabonsa a tallar fina-finan kamfanin, alhali babu mutumin a duniya. Maganar ta kai kotu, kamfanin ya amince ya mayar wa 'yan kallo wani abu daga kuɗin tikitinsu. Haka nan idan ka ga an rubuta "daga furodusoshin da suka kawo muku" wani fim da ka so, ka duba da kyau. Furodusa yana da muhimmanci, amma in da daraktan wancan fim ɗin ne ko marubucinsa, da sunansa za a buga.

Akwai alamar da ba kowa ke lura da ita ba, ita ce kuma na fi dogara da ita kafin fim ya fita. Kamfani yakan nuna wa masu sharhi fim tun da wuri, da sharaɗin ba wanda zai wallafa ra'ayinsa sai ranar da aka tsayar da sa'ar da aka tsayar. Kamfanin ya riga ya ga fim ɗinsa, ya gwada shi a kan 'yan kallo na gwaji, ya san abin da ke hannunsa. In ya yarda da shi, zai saki bakin masu sharhi mako ɗaya ko biyu kafin fita, domin yabonsu talla ce kyauta. In ya ɗaure bakinsu har daren Alhamis, ko ya ƙi nuna musu fim ɗin kwata-kwata, to mai kaya ne da kansa yake gaya maka ra'ayinsa a kan kayansa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan harka maganar ta zauna daram, har da ranakun. Akwai togaciya: fim ɗin da ke da wani sirri a ƙarshe, ko babban fim da miliyoyi ke jira, ana iya jinkirta sharhinsa don kada labari ya tsiyaye. Amma fim na tsaka-tsaki da aka wayi gari Laraba ba a ji ko mai sharhi ɗaya ya ce uffan a kansa ba, ni jira nake yi.

Sai maki. Ka ce kana duba su, kuma na tabbata wanda ka fi gani shi ne na Rotten Tomatoes, shafin da aka buɗe a 1998. Mutane da yawa suna karanta lambarsa kamar makin jarrabawa, su ɗauka kashi 90 na nufin fim ɗin ya kusa cika goma. Abin da lambar ke nunawa shi ne masu sharhi nawa cikin ɗari suka ce fim ɗin ya fi kusa da kyau a kan muni, kuma daga kashi 60 ake buga masa jan tumatir, alamar cewa ya samu karɓuwa. Ka ɗauka masu sharhi 100 sun kalli fim, kowannensu ya ce "ba laifi, ana iya kalla", to fim ɗin ya sami kashi 100. Wani fim kuma 65 sun ce ba su ga kamarsa ba a shekarar, 35 sun ce ba su iya jure shi ba, ya sami kashi 65. Na biyun nan shi ne wanda za ka iya tunawa bayan shekara goma, ko ka ƙi shi har zuciya. Na farkon ba zai ɓata maka rai ba, mai yiwuwa kuma kafin Litinin ka manta sunan jarumin. Lambar tana auna yawan waɗanda ba su ƙi ba, ba ta auna zurfin so. Metacritic, wanda ya fara a 2001, yana ɗaukar makin kowane mai sharhi ne ya fitar da matsakaici cikin 100, yana ba wasu masu sharhi nauyi fiye da wasu. Shi ya sa lambarsa takan zo ƙasa, kuma ta fi nuna ƙarfin yabon. In ka ga fim yana da kashi casa'in da wani abu a Rotten Tomatoes, a Metacritic kuma yana yawo a sittin da wani abu, ka fahimci kowa ya ce ba laifi, ba wanda ya tashi tsaye.

Makin 'yan kallo kuwa, a makon farko, shi ne mafi rauni. Waɗanda suka fara kaɗa ƙuri'a a IMDb, shafin bayanan fina-finai, masoyan jarumin ne ko na jerin fina-finan, waɗanda tun kafin a kashe fitila sun gama ba da goma, ko kuma masu haushin wani abu da suka zo ba da ɗaya ba su ko kalla ba. Matsalar ta yi yawa har a 2019 Rotten Tomatoes ya hana rubuta ra'ayi kafin fim ya fita, ya kuma fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Ka ba irin wannan maki mako biyu ko uku ya lafa.

Wanda nake girmamawa a wannan ɓangare shi ne CinemaScore, kamfanin da ke Las Vegas tun ƙarshen shekarun 1970. Daren da fim ya fita suna raba wa 'yan kallo kati a wasu gidajen sinima na Amurka, in an tashi su karɓa, a fitar da maki daga A+ zuwa F, kuma kafin safiyar Asabar sakamakon ya fito. Waɗannan mutane ne da suka biya kuɗinsu da gaske. Sai dai ka san abin da ake aunawa: mutanen daren farko su ne waɗanda talla ta fi kamawa, don haka makinsu yana gaya maka ko fim ɗin ya cika alkawarin da tallarsa ta ɗauka. Tunda masu son abin ne suka zo, A ba abin mamaki ba ne. Fim ɗin yara ko babban fim ɗin faɗa da ya sami B, akwai matsala a wani wuri. Fim ɗin ban tsoro kuwa yawanci makinsa ƙasa yake, B a wurinsa yabo ne. Kuma akwai fina-finai masu kyau ƙwarai da suka sha C ko ƙasa da haka saboda an tallata su a matsayin abin da ba su ba ne, mutane suka zo neman faɗa suka tarar da tunani. In na ga masu sharhi sun yaba, CinemaScore ya yi ƙasa, nakan ce a raina wannan fim ɗin ya bambanta da tirelarsa, sai in ƙara son sanin ta wace hanya.

Duk waɗannan lambobi ra'ayin taro ne, kai kuwa mutum ɗaya ne. Abin da ya fi su duka shi ne ka sami masu sharhi biyu, ko uku, ka riƙe su na dogon lokaci. Hanyar zaɓensu mai sauƙi ce. Ka ɗauki fina-finai biyar da kake so sosai da biyar da ka ƙi, ka nemo abin da mai sharhin ya rubuta a kansu. Ba lallai ra'ayinku ya zo ɗaya ba. Akwai wani mai sharhi da na bi shekaru, kusan duk fim ɗin da ya kira mai jan jiki ni nakan so shi, har kalmar ta zama mini gayyata. Abin nema shi ne mutumin da ke bayyana fim yadda za ka gane ko naka ne, ko da shi bai so ba. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times, wanda ya sami kyautar Pulitzer a 1975 saboda sharhin fim, ya sha nanata cewa yadda fim ya bi da labarinsa ya fi labarin kansa muhimmanci. Mai sharhi na kirki wannan "yadda" ɗin zai nuna maka: tafiyar fim ɗin sauri ce ko sannu, raharsa ta baki ce ko ta jiki, tsoronsa na firgita ne ko na zullumi. In ka ji tsoron a tona maka labari, karanta sakin layi na farko da na ƙarshe, tsakiya ne ake zuba labarin.

Game da sunaye, yawancin mutane jarumi suke bi. Na fahimci dalili, fuskarsa ce a fosta. Amma jarumi yana iya fitowa a fina-finai biyu ko uku a shekara, wani don ya so labarin, wani don kuɗi, wani don alkawarin da ya ɗauka tun da daɗewa. Darakta yakan shafe shekara biyu ko uku a kan fim ɗaya, shi ke zaɓen abin da za ka gani da inda za a yanke. Ka duba fina-finansa biyu na baya-bayan nan, ka duba wanda ya rubuta labarin. In ka ga marubuta biyar ko shida jere, sau da yawa alama ce cewa labarin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ana faci. Fim ɗin da aka ɗage ranar fitarsa sau uku ba tare da wani dalili na fili ba, shi ma abin lura ne. Sake ɗaukar wasu fitowa kuwa ba aibi ba ne, manyan fina-finai da yawa tun a kasafinsu ake ware masa kuɗi.

Lokacin shekara yana magana, ko da ba da ƙarfi ba. A Amurka manyan fina-finan nishaɗi daga Mayu zuwa Agusta suke fita, sai kuma hutun ƙarshen shekara. Masu neman kyautar Oscar sukan taru tsakanin Oktoba da Disamba, domin sai fim ya fita cikin shekarar ake lissafa shi. Janairu da ƙarshen Agusta an san su da zama wurin sauke kayan da kamfani bai sa rai da su ba, ko da yake akan sami na kirki a ciki, musamman na ban tsoro. A Indiya manyan jarumai kan kama ranakun Diwali da Idi da Kirsimeti. Tambarin bukukuwan fim irin na Cannes a watan Mayu, ko Venice da Toronto wajen Satumba, yana nuna wasu masu ido sun zaɓi fim ɗin cikin ɗaruruwa, kuma wannan abu ne. Labarin cewa an tashi tsaye ana tafi minti tara kuwa, ka bar shi inda ka gan shi, darakta da 'yan wasan suna zaune a ɗakin ake tafin.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda na fi so ka ba muhimmanci. Kafin 2020, fim yakan yi kusan kwana 90 a sinima kafin ya iso gida. A Yulin 2020 kamfanin Universal da gidajen sinima na AMC suka ƙulla yarjejeniyar da ta rage wannan zuwa kwana 17 ga wasu fina-finai, kuma tun daga lokacin fina-finai da yawa kwana 45 ko ƙasa da haka suke yi. Ke nan fim ɗin da ka bari yau, cikin wata ɗaya da rabi yana iya samunka a ɗakinka. Abin tambaya shi ne me za ka rasa in ka jira.

Kowa ya san fim mai faɗin hoto da ƙarfin sauti, na yaƙi ko sararin samaniya ko teku, yana ƙanƙancewa a waya. Wannan ba sai na faɗa ba. Fim ɗin barkwanci da na ban tsoro su ma na ɗaki ne, saboda taro: dariya tana yaɗuwa, shirun mutum ɗari biyu da suka riƙe numfashi tare kuma ba a samunsa a falo. Amma ga inda na saɓa da mutane da yawa. Sukan ce ƙaramin fim mai natsuwa, na iyali ko na soyayya ko na mutum biyu a ɗaki, a bar shi sai ya zo gida. Ni a ganina shi ne ya fi buƙatar sinima. A gida waya tana hannunka, ana ƙwanƙwasa ƙofa, ka tsayar ka dawo, fim ɗin da ƙarfinsa ke cikin shiru da kallon ido ya tsinke maka ka ce ba shi da daɗi. A ɗaki mai duhu ba ka da wurin gudu, sai ya kama ka a hankali. Na sha ganin fim ɗin da ya sa ni hawaye a sinima, na ba wani shawara ya kalla a gida, ya dawo ya ce mini ya yi barci.

Ga kuma lissafin Litinin da na ambata. Babban fim da ya mamaye ɗakuna huɗu zai jira ka, yana nan mako huɗu ko shida, kuma a mako na biyu za ka sami kujerar da kake so. Ƙaramin fim mai kyau da aka ba ɗaki ɗaya da nuni biyu a rana, in bai sami mutane a kwana ukun farko ba, ranar Juma'a mai zuwa babu shi. Saboda haka in fina-finai biyu sun yi maka daidai a ma'auni, ɗaya babba ɗaya ƙarami, ka fara da ƙaramin. Tikitinka a can ana jin nauyinsa, yana cikin abin da zai sa a bar fim ɗin ƙarin mako. Wannan ne kaɗai wurin da na yarda gaggawar ƙarshen mako ta zama taka, sai kuma fim ɗin da ke da sirri wanda ka san kafin Litinin an tona shi a Facebook.

Jerin "fim ɗin da ya zo na ɗaya a ciniki" da ake bugawa ranar Lahadi kada ya ruɗe ka. Cinikin makon farko yana auna ƙarfin talla da sanannen suna. The Shawshank Redemption ya fita a 1994, a zagayensa na farko bai mayar da ko dala miliyan 25 da aka kashe masa ba, yau kuwa ya shafe shekaru a saman jerin fina-finan da suka fi maki a IMDb. Titanic ya buɗe a Disamban 1997 da dala miliyan 28 da ɗoriya, adadin da bai girgiza kowa ba idan aka duba abin da aka kashe, sannan ya riƙe matsayi na ɗaya a Amurka mako 15 a jere saboda mutane suna komawa suna jawo wasu. Lambar da ke faɗin gaskiya ita ce ta mako na biyu. Fim ɗin da cinikinsa ya ragu da kashi 30 ko 40, mutane suna yabonsa a gida da wurin aiki. Wanda ya faɗi da kashi 65 ko 70, masoyansa sun gama zuwa, ba su kuma aiko kowa ba.

Kan ƙarin kuɗin IMAX, wato ɗakin mai ƙaton allo, da 3D, wanda ake kallo da tabarau, a taƙaice: fim na yau da kullum faɗinsa 1.85 ne ko 2.39 a kan tsayi 1, allon IMAX kuwa ya fi tsayi, 1.90 ko 1.43. In an ɗauki fim ɗin da kyamarar da ta cika wannan tsayin, za ka ga ƙarin hoto sama da ƙasa, kuma kamfanin zai faɗa da babbar murya a tallarsa. In bai faɗa ba, girman allo da sauti kawai kake saye. Tabaran 3D yana rage hasken hoto, don haka sai fim ɗin da aka tsara dominsa tun farko.

In da yara za ka je, harafin da ke kan fosta, mai nuna shekarun da suka dace da kallon fim ɗin, bai isa ba. Tsarin Amurka ya fara a 1968, aka ƙara PG-13, mai gargaɗin iyaye kan yara 'yan ƙasa da shekara 13, a 1984, kuma wannan rukuni yana ɗaukar kashe-kashe masu yawa muddin ba a nuna jini sosai ba. Na Ingila U ne da PG da 12A da 15 da 18, kuma hukumarsu ta BBFC tana rubuta dalilin kowane hukunci dalla-dalla a shafinta: irin zagin da ke ciki, irin tashin hankalin, irin fitowar da za ta iya tsorata yaro. IMDb ma yana da sashen jagorar iyaye. Minti biyu na karatu ya fi ka tashi tsakiyar fim kana jan hannun yaro cikin duhu.

Ga yadda zan bi da fina-finanka huɗu. Ranar Laraba in duba waɗanda sharhinsu ya fito; wanda aka yi shiru a kansa in ajiye shi gefe. Ranar Alhamis in karanta masu sharhina biyu, in kalli guntun fitowa na waɗanda suka rage, in duba darakta da marubuci. Ranar Juma'a ba na sayen tikiti, sai in akwai sirrin da nake tsoron a tona mini. Safiyar Asabar CinemaScore ya fito, kuma cikin abokai akwai wanda ya riga ya je. Ba na tambayarsa ko fim ɗin ya yi kyau, domin wanda ya biya kuɗi ba ya son ya ce ya yi asara. Nakan ce ya ba ni fitowa ɗaya da ta tsaya masa a rai. In ya fara ba ni labarinta har yana gyara zama, to da yammar Asabar ina ɗakin. In ya yi shiru yana lalube, ya ce hotunan dai sun yi kyau, sai in koma kan ƙaramin fim ɗin nan mai nuni biyu a rana, in duba ƙarfe nawa ake farawa.